Daren Da 'Yan Okada Suka Tsaya Wa Ɗanmu

 Mun daɗe muna jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, domin a cikinsa akwai abin da ba ya yi mana daɗin faɗi game da kanmu. Amma da yake da wuya a sami gida a Kokomlemle, ko Nima, ko Maamobi, wanda ba shi da ɗa ko ƙane ko suruki da ke neman abinci a bisa babur, sai muka ga ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Ɗanmu na uku ya gama sakandare, ya yi shekara biyu yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, bai sami komai ba. Rana ɗaya sai ya shigo gida da babur, wanda wani mai hali ya ba shi bisa sharaɗin ya riƙa biyan wani abu kowane mako har babur ɗin ya zama nasa. Ba mu yi masa murna ba. Muka kafa masa hujja da doka, domin ƙa'idojin hanya na shekarar 2012, waɗanda ake kira L.I. 2180, sun hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi a ƙasar Gana. Muka kafa masa hujja da haɗari. Dukansu gaskiya ne. Sai dai in za mu ji tsoron Allah mu faɗi abin da ke zuciya, abin da ya fi ci mana rai shi ne a ce a masallaci, ko a wurin suna, ɗan gidan wane ya zama ɗan okada. Mun saba ganinsu a shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, suna kutsawa tsakanin trotro da trotro, suna hawa inda masu tafiya a ƙasa ke bi, jar wuta kuwa kamar ba don su aka kunna ta ba. A wurinmu duk ɗaya suke, yara marasa jin magana.

Ita wannan sana'a ba a nan aka fara ta ba, kuma kusan kowace ƙasa da sunan da take kiranta. A Kano acaɓa ake cewa, har gwamnatin jihar ta hana ta a cikin birni a farkon 2013. A Maraɗi da Damagaram kabu-kabu ne, a Kwatano da Lome kuwa zemijan. Sunan okada daga Nijeriya ya zo mana, an aro shi daga wani kamfanin jiragen sama mai wannan suna, wai don babur na tsallake cunkoso kamar mai tashi sama. Shi ya sa a tashar su ta Circle za ka ji Hausa da Zabarmanci da Faransanci da Tuwi da Ewe a bakin mutum biyar da ke zaune kan benci ɗaya.

Abin ya faru ne a watan Yuni na 2023, daren wata Alhamis, ana ruwa. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san yadda gaba ke faɗuwa in hadarin Yuni ya haɗu, tun daga daren 3 ga Yuni 2015 da kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, wuta kuma ta tashi a gidan man da ke Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Mun idar da sallar isha'i ke nan sai waya ta yi ƙara. Lambar ɗanmu ce, amma muryar ba tasa ba ce. Wani dattijo ne mai Hausar Zabarmawa, ya ce: "Baba, ku natsu ku saurare ni. Ɗanku yana da rai, yana numfashi, yana magana. Mota ta buge shi, muna hanyar asibiti da shi. Ku taho, amma kada ku yi gaggawar da za ta sa mu ɗauki mutum biyu."

Daga baya ne muka haɗa labarin daga bakin mutane daban-daban. A titin Ring Road ne, kusa da inda ake juyawa zuwa Nima. Wata tasi ta ɗauke shi ta gefe, ya faɗi nesa da babur ɗinsa, ƙafar dama ta karye, cinya kuma ta tsage tana zubar da jini. Motoci suka riƙa kauce masa suna wucewa, kuma ba mu ga laifinsu ƙwarai ba, domin mu kanmu mun sha wucewa a irin wannan wuri muna salati daga cikin mota. Waɗanda suka tsaya 'yan okada ne. Na farko ya tsaya, na biyu ya sauke fasinjansa ya mayar masa da kuɗinsa, kafin minti biyar sun kai goma sha wani abu. Suka jera baburansu a gicciye da fitilu a kunne, don kada wata mota ta zo cikin duhu da ruwa ta bi ta kansa. Ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsayawa bai san sunansa ba.

Jama'a suka taru, kowa da shawararsa, kuma kowa alheri yake nufi. Wani ya kai hannu zai cire masa hular kwano don ya sha iska. Wata baiwar Allah ta kawo ruwan leda za ta ɗura masa. Wasu samari suka ce a ɗora shi a babur, ɗaya gaba ɗaya baya shi a tsakiya, a ruga da shi asibiti kamar yadda aka saba. Wannan dattijo da ya kira mu shi ne ya hana duka ukun. Ya durƙusa a cikin ruwan kwata ta saitin kansa, ya ɗaga gilashin hular kawai, ya tabbatar yana numfashi, sa'an nan ya riƙe kan da hannu biyu don kada wuya ya motsa. Ya ce wa yaron: "Ɗana, kada ka juya, ni kaɗai za ka riƙa kallo. Faɗa mini sunan mahaifiyarka." Haka ya yi ta jan sa da magana don kada ya suma. Wani saurayi Ba'ewe, Kirista, ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta ya danne cinyar da dukan ƙarfinsa, bai ɗaga hannu ba ko don ya duba. An kira 112, amma ruwa ya tsayar da gari cik. Da suka ga jira zai yi tsawo, sai suka tsayar da motar wani mai kayan gwari, suka ari katakon teburin wata mai sayar da koko da ƙosai, mutum shida suka ɗaga shi a miƙe lokaci ɗaya, dattijon na riƙe da kai har cikin mota. Babura huɗu suka shiga gaba suna buɗe hanya.

Bayan kwana biyu da aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana tsagewa a ɗaya daga cikin ƙasusuwan wuya. Ya ce ba ta taɓa lakar ba. Muka tambaye shi abin da zai faru da an fizge hular, ko da an zaunar da shi a babur kansa na lilo. Ya dube mu, ya ce mu dai gode wa Allah, mu kuma nemo wanda ya riƙe kan nan mu yi masa godiya.

Akwai wani abin kunya na biyu. Katin inshorar lafiyarsa ya daina aiki tun watanni, babu wanda ya sabunta, mu kuma da fushi ya hana mu tambayar komai game da aikinsa ba mu sani ba. Kafin mu isa asibiti a daren nan, an riga an biya kuɗin abubuwan farko da aka nema. Wannan ya ba da sidi goma, wancan ashirin, wani ya turo ta waya, shi kuwa saurayin da ya ba da rigarsa yana tsaye a baranda babu riga yana rawar ɗari. Da mahaifiyar yaron ta cire mayafi ta miƙa masa, sai ya ce: "Mama, ki bar shi, gobe ni ne a ƙasa." Wani ya tura babur ɗin da ya lalace har tasharsu ya ɗaure shi da sarƙa, ya kawo mana makullin da wayar da 'yan kuɗin da ke aljihunsa, ba abin da ya ɓata.

Mun tambayi dattijon inda ya koyi abin da ya yi. Ya ce shekarun baya shi da kansa ya ɗauki abokinsa a babur bayan haɗari, yana ganin taimako yake yi, abokin ya rayu amma bai sake taka ƙasa ba. Tun daga nan duk inda ya ji ana koyar da taimakon gaggawa sai ya je ya zauna. Wannan ya tuna mana cewa a ƙasar nan ba a daɗe da samun motocin agaji na gwamnati ba. Sai a 2004 aka kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa, shekara uku bayan musibar filin ƙwallo na Ankara ta 9 ga Mayu 2001, wadda ta ci rai fiye da 120, da yawansu 'ya'yan Nima. A farkon 2020 an raba sababbin motoci 307 ga mazaɓu. Ci gaba ne, amma motar agaji ba ta da fiffike, kuma a ƙasar da hanya ke cin mutum fiye da dubu biyu a shekara, wanda ya fara isa wurin mai rauni kusan kullum direba ne ko ɗan babur. Likitoci sun gane haka tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1990 wasu masana da ke aiki tare da jami'ar Kumasi sun koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon farko cikin 'yan sa'o'i kaɗan, aka kuma ga bambanci a yadda suke tsayar da jini da yadda suke ɗaukar wanda ya ji rauni.

Kakanninmu da suka riƙa fatauci daga Kano da Katsina zuwa Salaga da ƙasar Gwanja don sayen goro sun san wannan hali. Ayari yana da madugu, kuma ba a barin wanda ya faɗi a daji don jakinsa ya gaza ko zazzaɓi ya kama shi, domin kowa ya san hanya ba ta da ɗan gida. Daga irin waɗannan matafiya ne zangonnin nan namu suka samo asali, har ma da sunan. Mun yi shekaru muna ba yara wannan tarihi da alfahari, ba mu taɓa lura cewa waɗanda suka riƙe shi a aikace su ne yaran da muke ƙyamar gaisawa da su a bakin titi ba.

Duk da haka ba za mu rufe ido a kan ɗaya gefen ba. A daidai lokacin da wasu ke ceton ɗanmu, wasu daga cikinsu sun kewaye mai tasin, sun fasa masa gilashi, har an fara kai masa hannu, sai da wasu dattawan unguwa suka shiga tsakani suka shigar da shi wani shago. Mutumin nan magidanci ne mai 'ya'ya, bai gudu ba, ya tsaya. Kuma da ɗanmu ya sami sauƙi ya iya magana, shi da bakinsa ya gaya mana cewa wuta ta riga ta nuna ja lokacin da ya shiga mahaɗar, yana sauri ya kai kuɗin mako. Zumuncin da ke sa mutum ya tuɓe rigarsa don baƙo, shi ne in ba a yi masa linzami ba yake sa a daki wanda ba shi da laifi. Mun nemi mai tasin, muka je har gidansa a New Town, muka ba shi haƙuri, muka biya kuɗin gilashin. Ya karɓa bayan an yi ta roƙonsa.

Batun doka kuwa ya daɗe a bakin 'yan siyasa. John Mahama ya yi alkawarin halatta sana'ar tun a yaƙin neman zaɓe na 2020, kuma bayan ya dawo mulki a Janairun 2025 gwamnatinsa ta ɗauki hanyar gyara dokar. Mu dai abin da muka gani shi ne, haramcin 2012 bai rage yawansu ba, sai dai ya sa wasu ke tsoron raka mai rauni har ƙofar asibiti don kada a tsare su da tambayoyi. Ra'ayinmu, duk wanda za a ba izinin ɗaukar fasinja, a sa shi ya zauna ya koyi abin da dattijon nan ya sani, kuma a tilasta hular kwano ta gaske mai igiya a haɓa, ga direba da fasinja. Ba don ita ba da ba mu kai ga maganar wuya ba ma.

A tasharsu akwai wani littafi mai baƙin bango da ake rubuta gudummawar mako-mako, irin adashin da a nan ake ce wa susu, daga ciki ake fitar wa wanda ya kwanta. Bayan wata takwas, shi kansa dattijon ya zame a kan yashi wajen kasuwar Malam Atta, ya karya hannu. Ɗanmu ne, da ɗingishinsa, ya kwana uku a gefen gadonsa, mahaifiyarsa kuma ta riƙa aika tuwo da miyar kuka kowane dare. A wannan makon ne muka je tashar muka ce a rubuta sunan gidanmu a littafin, ko da yake babu mai hawa babur a cikinmu mu biyu. Mai riƙe da littafin ya yi dariya ya ce: "Alhaji, wace lambar babur zan sa?" Muka ce ya sa ta ɗanmu.

Yaron ya koma kan hanya tun bara. Har yau ba mu daina yi masa faɗa a kan gudu ba, kuma in ya wuce ƙarfe goma bai shigo ba, babu mai runtsawa a cikinmu. Tsohuwar hular tana rataye a ƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, da tsagarta tun daga goshi har ƙeya. Mahaifiyarsa ta hana a jefar.