Godiya Ga Hannun Da Ya Riƙe Ni A Bakin Gulbi

 

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Akwai kyautar da aka yi mini tun ina yaro, ba ta shiga aljihu ba, ba a kuma auna ta da tiya ba, amma har yau ina cin moriyarta. Wani dattijo masunci na fadamar Jiratawa, wanda mu yara muke ce wa Baba, shi ya tsaya mini har na kama babban kifina na farko. Allah ya yi masa rasuwa. Na rubuta wannan ne domin ƴaƴansa da jikokinsa su ji daga bakin wanda aka yi wa alherin, mutanen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kuma su zama shaida.

Wanda bai tashi a nan ba zai yi mamakin jin zancen su a Maraɗi, garin da aka sani da gyaɗa da fatauci. Gulbinmu ba ya gudu shekara duka. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso ta Jibiya ya shigo Nijar, ya bi ta Madarunfa da Jiratawa, ya wuce ta gindin Maraɗi da Tibiri, sannan ya karkata yamma ya koma Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Da rani yashi ne zalla, amalanke ma ratsa shi take yi. Da damina kuwa, in an yi ruwa a kudu, sai ya taso cikin dare, jajawur, ɗauke da itace da kara, ko da a nan ba a ga ɗigo ba. In ya ja da baya sai ya bar tabkuna a fadama cike da kifin da ya kwaso, kuma a kan tabkunan nan idon kowane yaro yake.

Iyayenmu suna da hujjar tsoron ruwan nan. A 1945 ambaliya ta ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka tashi aka koma kan tudu inda birnin yake a yau. Kakata tana cikin waɗanda suka hau tudun da kaya a ka, kuma ba ta daina ba mu labarin ba har ta bar duniya. Saboda haka doka ce a gidanmu: yaro ba ya zuwa gulbi.

A shekarun da suka biyo bayan farin 1984, in an yi babban hutun lakwal, akan tura ni Jiratawa wurin gwaggona. Mijinta yana da fili a gandun noman rani da aka buɗe can a farkon shekarun 1980, wanda ake shayarwa da ruwan rijiyoyin burtsatse. Aikina kai abinci gona da korar awaki. A hanyar dawowa nakan tsaya daga nesa ina kallon wani dattijo zaune bakin tabki, da komarsa a gefe, da gorarsa, da fatsa a hannu. Ban taɓa yi masa magana ba, amma ashe yana lura da ni.

Godiyata ta farko a kan abin da ya yi kafin ya ba ni ko da tsinke take. Bai kore ni ba, bai kuma ja ni a ɓoye ba. Ya sami mijin gwaggo suka yi magana. Da ranar kasuwar Juma'a ta zo, ya kai kifinsa Maraɗi, ya nemi gidanmu, ya yi sallama da mahaifina a zaure. Ya ce, "Malam, aron yaron nan na zo nema. Na ga zuciyarsa tana ruwa. Yaron da aka hana gulbi zai je shi kaɗai, gara ya je da babba." Mahaifina ya yi shiru, can ya ce, "Na ba ku amana." Mutumin da ba dangin iya ba na baba, ya bar cinikinsa a ranar kasuwa, ya ɗauki nauyin ran ɗan wani a wuyansa ba tare da an roƙe shi ba. Sai da na haifi nawa na gane girman wannan nauyin.

Godiya ta biyu ta kawuna ce, maƙeri a Tibiri. Kakanninsa sun ƙera wa Gobirawa mashi da kibiya tun da aka kafa garin bayan yaƙin Gawakuke na 1836, a hannunsa kuwa sana'ar ta koma ta kwasa da lauje da gatari. Da labari ya kai masa cewa zan fara koyon su, sai ya sami wayar ƙafar keke, ya sa a wuta, ya lanƙwasa, ya fitar mata da kunne yadda in ta shiga ba ta fita, ya tsoma ta a ruwa ta yi tauri. Ya naɗe ta cikin tsumma ya aiko. Da Baba ya juya ta a tafin hannunsa ya gwada tsinin a farcensa, ya ce wanda ya ƙera wannan ƙugiyar da babban kifi a ransa ya ƙera ta.

Daga nan karatu ya fara, kuma yawancinsa zama ne da kallo. Ya nuna mini cewa kowane kifi da halinsa. Karfasa tana yawo a bakin ciyawa inda rana take bugun ruwa, tana tsakurar abinci kaɗan-kaɗan. Ƙurungu yana da ƙaya mai kafewa, in ka kama shi da gaggawa hannunka ne zai biya. Gaiwa kuwa, in tabki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka ta rufe kanta, ta kwanta har wata damina, shi ya sa ake haƙo ta da rani a inda babu ko alamar ruwa. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci, ta fi fita in rana ta yi sanyi, kuma takan taso ta shaƙi iska. Ya ce in zuba ido inda ruwa ya buɗe ya rufe, domin girman da'irar shi zai gaya mini girman mai ita. Ya koya mini haƙo tana a ƙasa mai danshi, da soka ta yadda za ta rufe ƙarfen, da ɗaura guntun karan dawa a igiya domin ya ba ni labarin abin da ke faruwa a ƙasa. Ya koya mini gwada zurfi da sanda kafin in sa ƙafa, saboda gulbi yakan ƙwaƙule rami a inda jiya tudu ne.

Ranar da Allah ya nufa, gero ya nuna, hutu ya kusa ƙarewa. Bayan la'asar muka zauna gindin wani ɓaure da saiwarsa ta shiga ruwa. Na yi bisimilla na jefa inda ya nuna mini. Karan ya yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa, sai ya nutse gaba ɗaya. Na fizga yadda aka koya mini. Abin da ya amsa daga ƙasa ya fi ƙarfina. Sanda ta lanƙwashe, igiya ta miƙe, ƙafafuna suka fara sulɓewa a laka zuwa wajen zurfi. Na ɗaga murya na ce, "Baba, ku karɓa!"

Bai karɓa ba. Ya taso ya tsaya a bayana, ya damƙe ƙuguna da hannu biyu, ya tokare ƙafata da tasa. Ya ce, "Kifinka ne, ɗana. Ni na riƙe ka, kai riƙe shi." Daga nan murya kawai ya riƙa ba ni. In ya ja, sassauta masa. In ya tsaya, jawo. Kada ka bari ya shiga saiwa. Hannuwana suna rawa, igiya tana yankar yatsana, amma na daina tsoron faɗawa, domin na san abin da ke bayana ba zai sake ni ba. Muka yi ta yi har kifin ya gaji. Kansa ya ɓullo, faffaɗa, baƙi, gashin baki yana lilo. Sai da na jawo shi inda ruwa bai wuce idon sawu ba, sannan Baba ya saki ƙuguna ya tara koma. Tarwaɗa ce, in na ɗaga ta daga ƙasa tana kai mini ƙirji. Ya kama hannuna ya ɗora bayan kanta, ya nuna mini inda ƙayoyin gefe suke domin in kiyaye.

Ya zura kaba ta bakinta ya rataya mini a kafaɗa, wutsiya tana share ƙasa. Duk wanda muka gamu da shi a hanyar gari sai ya ce, "Baba, yau an dace!" Shi kuwa sai ya ce, "Ba ni ba ne, yaron nan ne." Haka ya yi ta faɗa har ƙofar gida.

Wannan shi ne tushen godiyata. Da ya karɓi sandar, da cikin ƙiftawar ido ya fito da kifin, da mun ci miya iri ɗaya, amma da na koma gida yadda na fito. Masu taimako da yawa aikin suke karɓewa daga hannunka, domin ya fi sauri kuma yabo nasu ne. Kaɗan ne suke iya tsayawa a baya su tsare ka daga faɗuwa, su bar maka wahalar da ladanta, sannan su fita gari suna kiran sunanka. Na sake gamuwa da irin wannan hali a wurin wasu malamai da iyayen gida a rayuwata, kuma duk inda na gan shi ina gane shi nan take, saboda a bakin tabkin Jiratawa aka fara nuna mini. Da shi nake auna kaina a yau in ɗana ko yaron aikina ya miƙo mini abin da ya fi ƙarfinsa.

Gwaggo ma tana da nata kason. Ta gan ni laka har wuya, ba ta ce komai ba sai guɗa. Ta wanke kifin da toka da ruwan zafi har yauƙi ya fita, ta yanka gunduwa-gunduwa, ta yi miya da daddawa da tattasai da albasa, ta tuƙa tuwon gero. Kan kifin ta aika gidan Baba, ta zuba wa maƙwabta, ta ware gunduwa biyu ta yi banda, ɗaya ta Maraɗi, ɗaya ta Tibiri. A wurinta na koyi cewa abin da aka samu da hannun mutane ba a cinye shi a ɗaka. Mahaifina ya ci nasa ya sa mini albarka, ya aika wa Baba goro. Kakata da ta hana gulbi, ita ma ta ɗanɗana, ta yi addu'a ga wanda ya dawo mata da jikanta lafiya.

Baba yana da ƙa'idoji da ba ya sassautawa. Ƙaramin kifi a mayar da shi ruwa, shi ne babban baɗi. Ba a zuba magani a tabki. Ba a dagula mashayar dabbobi. Dangin mahaifinsa masuntan tabkin Madarunfa ne, tabkin da kaburburan waliyyai 99 suke kewaye da shi, kuma daga can ya gaji girmama ruwa. Yakan ce ruwan da ya wuce ta gabanmu yana da masu jiransa, zai bi Rima ya wuce Sakkwato ya kai Argungu, don haka mu sake shi da tsabta yadda muka karɓe shi.

Gulbin da na sani ya sauya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a 1989, tasowarsa ta koma wani salo, yashi kuma ya cike tabkuna da dama. A 1990 Nijar da Nijeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, har da na gulbin nan, a 2019 kuma aka sa tabkin Madarunfa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Waɗannan matakai ne na alheri, ina kuma gode wa duk wanda yake aiki domin su tabbata a ƙasa. Amma takarda ba ta zama da yaro a bakin ruwa. Na ga yara suna tace tabki da gidan sauro, suna kwashe ƴan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba, babu babba a kusa. Ba mugunta ce ta sa su ba, rashin mai nuna musu ne. Ina roƙon masuntanmu da sarakunan ruwa, daga Madarunfa har Tibiri, kowa ya ja yaro ɗaya a jiki da sanin iyayensa. Ni ma na ɗauki wannan a kaina gwargwadon abin da na sani.

Ku ƴaƴan Baba da jikokinsa, ku sani mahaifinku mai amana ne, kuma ƙofar gidana a Maraɗi a buɗe take gare ku, da daɗi da wuya. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Allah ya saka wa kawuna da gwaggona da mijinta da mafificin alheri, ya gafarta wa mahaifina da kakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye ƴaƴanmu daga sharrin ruwa, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.