Ranar da na ƙona injin wayar Hajiya

Farkon fara gyarana a Kusfa, wata Hajiya ta kawo waya a canja mata wurin caji. Dalmar injin waya tana narkewa ne wajen digiri 217, amma bulowata mai araha ce, zafinta sai ya zarce inda na saita kafin ya sauko. Kafin in ankara injin ya kumbura. Na biya ta kuɗin waya, amma hotunan jikokinta fa? “Haba ɗana,” kawai ta ce. Wallahi gara ta zage ni.

Daga baya na gane bulowa mai kyau tana da sensa, kullum tana auna zafi tana gyara kanta. Tsarin sunansa PID, abu uku yake dubawa: tazarar da ta rage yanzu, wadda ta taru a baya, da saurin hawan zafin.

Wani kwastomana ɗalibin ABU Samaru ya ce a manyan masana'antu zafi yana jinkirin amsawa, abu ukun ba kullum suke isa ba. Shi ya sa Igor Podlubny na Silobakiya ya wallafa wani salon PID a 1999, mai maɓallin saiti biyar, don a fi daidaita shi.

Wayarka ma haka take, in ta ji zafi sai ta rage saurin caji. Kada ka danne ta da matashi. Kuma kafin ka ba mu gyara, don Allah kwashe hotunanka.