Jan Zare, Ƙulli Uku

Jama'a ku tsaya ku ji, don abin nan har yanzu bai bar ni na zauna ba! Duk uwar da take da ɗa a jardan ko ajin CI a birnin Yamai, duk uban da aka taɓa tarba a bakin ƙofa da "Baba, rigata ta ɓace," to maganin yana nan ƙarƙashin gadar Kennedy, a hannun mutanen da muke wucewa ta samansu kullum cikin taksi muna kallon shanyarsu. Masu wanki. Wallahi masu wanki!

Ai kun san sanyin Yamai da yaudara. A Disamba da Janairu awon zafi kan sauka wajen 15 da asuba, kafin la'asar ya haura 30. Sai ki naɗe yaro da safe, ga tenu, ga rigar sanyi, ga hula, ga safa, yana tafe yana kyarma cikin hazo. Fitowar ƙarfe goma rana ta buɗe, an yi guje-guje, gumi ya keto, kowa ya tuɓe ya jefa inda ya ga dama: kan tebur, kan taga, gindin dalbejiya. Da an kaɗa ƙararrawar tashi kuwa sai ƙofar lakwal ta rikice, ga masu babura, ga ƴan aiki, ga yayye suna sauri su ma su koma nasu ajin, kowa na cewa yi maza. Yaro ɗan shekara biyar zai tsaya bincike? Wadda hannunsa ya fara taɓawa ita ce tasa.

Kuma ba laifinsa ba ne. Makarantun kuɗi da yawa su ke sayar da yadin, wasu ma tela ɗaya suke ba kwangilar gaba ɗaya: bandir ɗaya, maɓalli iri ɗaya, tambari ɗaya a ƙirji. An ɗinka su ne musamman don kada a bambanta ɗan wane da ɗan wane, kuma wannan manufa ce mai kyau, sai dai ta yi nasara har ta wuce gona da iri. Mu kuma iyaye abin da muka sani shi ne bik. A juya wuyan riga a rubuta suna. Omo ya ci rabi, jabel ya ci saura, ranar Yamai ta ƙarasa. In ma rubutun ya tsira, je ki ƙirga masu suna Abdul da Nana A'isha da Fatima da Muhammadu a aji guda, sannan ki faɗa mini wa "A. M." take nufi.

Da kuɗi na zuba ne da ba a yi magana ba. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a Yulin 2023, kayan da a da suke shigowa kai tsaye daga tashar Kwatano suka koma zagaye ta Lome su ratsa Burkina Faso, duk wanda ya shiga Babbar Kasuwa ko Wadata neman yadi ya ji a jikinsa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. Mai ƴaƴa uku ko huɗu a lakwal ya riga ya zube a Oktoba wajen kuɗin makaranta da littattafai da jaka, sai kuma a ce a tsakiyar Janairu ya sake ɗinka tenu don wani ya tafi da ta ɗansa?

To ana cikin haka sai tsohon da yake mana wanki ya kawo kaya, ya sauke ƙunshin, amma riga ɗaya tana hannunsa daban. Rigar lakwal ɗin autana ce, shuɗiya, ga tambarin, ga aljihun, ga komai.

"Ɗiyata, wannan baƙuwa ce."

"Baba, ai ta auta ce."

"Kama da wane ba ta wane. Ba ta gidan nan ba ce."

Na karɓa, na juya, na auna da ƴar'uwarta: hannun ya ɗara da kusan yatsa biyu. Gaskiyarsa! Na ce Baba yaya aka yi ka gane? Ya yi dariya ya ce kayan mutane na jiransa, in ina son sani in same shi bakin ruwa. Ko mayafi ban daidaita ba na tare taksi.

Wanda bai taɓa sauka wurin nan da ƙafarsa ba bai san Yamai ba. Daga saman gadar, wadda aka buɗe tun 1970 take haɗa gari da Harobanda inda jami'ar Abdou Moumouni take, launuka kawai kake gani. A ƙasa kuwa ƙara ce: bugun kaya kan dutse, fatsar ruwa, Zabarmanci da Hausa suna karo. Kogin Isa a cike yake a wannan lokaci na sanyi, don ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini da damina sai yanzu yake isowa, bayan ya shafe watanni yana ratsa fadamun Mali. Sai shanya, iya ganinki! Manyan riguna, zannuwan gado, kakin ma'aikata, da ƙananan tenu shuɗɗa da koraye da masu gidan dara, jere a ƙasa. Kayan gidaje barkatai a fili ɗaya, babu takarda, babu rasit, babu mai riƙe da alƙalami. Kuma gobe kowane wando zai koma ɗakin da ya fito.

Baba ya ɗauko wata rigar autan ta gaske, ya juya bakinta ta ciki, daidai inda ɗinkin gefen hagu ya haɗu da kalmasa, ya kama yatsana ya ɗora. Na ji wasu ƴan ƙulle-ƙulle kamar tsaba. Jan zare, ƙulli uku. Na duba gefen zanen da nake ɗaure da shi a lokacin, ga su nan! Na leƙa bakin mayafina, ga su nan! Ashe duk tufar da ta taɓa shiga hannunsa daga gidanmu, ranar farko yake zare allura daga hularsa ya sa mata shaida. Kowane gida da launinsa da yawan ƙullinsa. Maƙwabtanmu baƙi ne ƙulli biyu. Wani yaronsa yana gefe yana ware busassun kaya, ko kallo ba ya yi, yatsa kawai yake kai wa bakin riga ya wurga nan, ya wurga can. Rigar da ta zo mana kuwa bakinta wayam, shi ya sa tun kafin ta taɓa ruwa ya san baƙuwa ce.

Nan na buɗe masa cikina, na ce duk kayan yaran nan na rubuta musu suna amma a banza. Ya tsaya da matsar da yake yi.

"Yaron ya iya karatu?"

"Haba Baba, bana ya shiga."

"To wa kika rubuta wa?"

Na yi shiru.

"Madam malamarsu kika rubuta wa ke nan. Madam ce take saka rigar? Kaza ma in za a sake ta cikin kajin maƙwabta, ƙyalle ake ɗaura mata a fiffike, don ƙaramin yaron gida ya hango ta daga nesa."

Kai! Tsigar jikina sai da ta tashi. Mutum ɗaya ne tak yake wurin a daidai lokacin da riga take sauya hannu, shi ne yaron, kuma shi kaɗai ne muka bari ba tare da abin da zai gane ba. Madam tana can tana raba faɗa, mai gadi yana can yana tare babura. Mun yi ta rubutu da haruffan da mai rigar zai yi wata da watanni kafin ya iya haɗa su.

Kuma dabarar ba a bakin Isa kaɗai take ba. A Mumbai ta Indiya akwai mawanka ta Dhobi Ghat da take aiki tun 1890, masu wankin can su ma ƴar alama suke ɗiga wa kowace tufa a wani lungu, har akwai ɗan itacen da aka daɗe ana tatsar baƙin ruwansa don wannan aiki saboda wanki ba ya fitar da shi. Kusa da gida kuma, duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin tsintuwa: a yi cigiya shekara guda, in mai nema ya siffanta jakar da igiyar da aka ɗaure ta, a miƙa masa. Ba a ce ya yi rantsuwa da ƙarfin murya ba, alama aka nema.

Daga bakin kogi ban zarce gida ba, sai da na biya na ɗauki yaron da buhun kayansa muka nufi wajen mai surfani, irin masu keken da suke yi wa manyan riguna aiki a wuya. A nan ne na ƙara abu ɗaya a kan na Baba, don ƙulli na yatsan babba ne, yaro kuwa ido yake bi. Na ce auta, me kake so a zana maka? Kada ki zaɓa masa, wannan shi ne sirrin! Abin da ya zaɓa da bakinsa ba ya mantawa. Ya ce kifi. Telan ya murza keke, kafin in gama gyara zama ga jan kifi kamar girman ɗan yatsa a cikin wuyan riga, dala hamsin kowace ɗaya. Yaron ya riƙe yana tsalle.

Telan nan ma ya ƙara mini karatu. Ya ce zaren roba za a sa, don jan zaren auduga mai araha zuba yake yi ya ɓata farar riga. Ya ce a jikin yadin za a yi, kada a yi a kan ɗan ƙyallen kamfani na bayan wuya, don shi ne yake yi wa yara ƙaiƙayi har a yanke shi. Wando a ƙugu ta ciki. Rigar sanyi, wadda ita ce uwar ɓata, wuri biyu: wuya da bakin hannun hagu, inda ido zai faɗa ko da a dunƙule aka jefar da ita. Hijabin yayar auta kuwa a ƙarƙashin haɓa, ita koren ganye ta zaɓa. Manya ma ba a bar su ba, ya ɗinka ɗan farin ƙyalle a gefe na rubuta lambar wayata da maka. Abin da telan ya hana ni shi ne rubuta sunan yaro ɓaro-ɓaro a bayan riga ko a kan jaka. Ya ce ba ya son wanda yaro bai sani ba ya kira shi da suna a bakin titi. Na ce Allah ya yi maka albarka.

Takalma na yi da kaina da dare, na sa ƙusa a wuta na zana kan kifi a ƙafar hagu, wutsiya a ta dama. In ya jera su daidai kifi ya haɗu, in ya juya su kifi ya rabu. Shi ke nan har rigimar sa takalmi a baibai ta kau! Gorar ruwa da kwanon abinci jan farce ya ishe su.

Sai gwaji. Na aro kayan ƴaƴan maƙwabta masu lakwal ɗaya da mu, na cakuɗa da namu a tsakar gida, na ce je ka ɗauko naka. Ya kutsa yana juya wuyan riguna ɗaya bayan ɗaya yana yarwa, can sai ihu: "Kifina!" Da na miƙa masa ta wani da gangan sai ya ture hannuna ya ce wannan ba kifi.

Baƙuwar rigar kuwa a wanke a goge na kai wa Madam hannu da hannu, ban ba yaro ba don kada ta sake ɓata a hanya. Nan na ga kwalin da ke ɗakin mai gadi, cike da huluna da safa ƙafa ɗaya-ɗaya da rigunan sanyi masu kyau, babu mai nema, alhali wataƙila a gidajen an sha kuka a kansu. Wannan ne abin da yake ɓata mini rai: a tsare yaro da bulala a kan rigar da take kwance cikin kwali taku goma daga ajinsa. Wata uwar kuma ta zo tana ɗaga murya wai an yi wa ɗanta sata. Ɗan jardan ne ɓarawo? Abin tsoro na gaske a musayar nan ba asara ba ce ma, makero ne da kwarkwata, waɗanda suke bin hula da hijabi daga kai zuwa kai. Duk hular da ta kwana a wani gida sai ta sha ruwan zafi da dutsen guga kafin ta koma kan mai ita.

Makarantun da suke karɓar kuɗin tenu a hannunmu kuwa ina da magana da su. Telan da ya iya manna tambarin lakwal a ƙirjin kowane yaro bai gaza ƙara ɗan zane a wuya ba, a ranar rajista ya kamata a gama wannan.

Ban iya riƙe bakina ba, a ƙofar lakwal na dinga juya wuyan rigar yaron ina nuna wa duk wadda ta tsaya. Kafin a je ko'ina mai surfani ya ga layi. Sai ga sabuwar rigima: kifaye sun zama uku a aji ɗaya, taurari kuwa ba a magana! Madam ce ta raba gardama. Ta buɗe shafin ƙarshe na littafin kiran suna, ta ja layi, kowane yaro da zanensa da launinsa, wanda ya riga shi ya samu. Yanzu akwai mai buta, mai raƙumi, mai laima, mai tukunya, har da wani da ya kafe sai an yi masa babur ɗin babansa. Gobe da safe ajin CP za su fara nasu, an ce in zo da lambar telan.