Uwar iri ba ta zuwa kasuwa

Mu ƴan wata ƙungiyar asusu ne a kwarin Maggiya, jihar Tahoua, ba nisa da Galmi. Ga abin da ya same mu, don kada ya samu wata.

Albasa ƴar Galmi gadonmu ce. Jajayen kawunan nan masu yaji sun san hanyar Abijan da Akra, amma irinsu a hannun iyayenmu muka tarar. Albasa ba ta ba da iri shekarar da aka shuka ta. Sai an cire kai a watan Maris ko Afrilu, a adana shi cikin rudu duk damana, a sake binne shi wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Sannan ya fid da kara, ya yi farin fure, fure ya koma baƙaƙen ƙwayoyi. Kawunan da ake warewa don wannan aiki su muke kira uwar iri.

Shekara uku ke nan, albasa ta yi tsada da kaka, ga kuɗin makarantar yara, ga bashin akwati lokacinsa ya yi. Muka dubi uwar iri a rudu, muka ce ai kuɗi ne kwance. Dillali ya zo, muka sayar, muka biya bashi, har da guɗa.

Shekarar da ta biyo ba mu da iri ko cokali. Muka ci sabon bashi, muka sayo a kasuwa cikin leda marar suna. Wallahi rabi bai tsiro ba, don irin albasa in ya wuce shekara ƙarfinsa raguwa yake. Wanda ya tsiro kuma gauraye ne, wata fara, wata mai kaurin wuya. Muka zuba a rudu, kafin damana ta raba tsakiya wari ya tashi. Ranar zubi kowa kanta a ƙasa.

Gwaggo, tsohuwar cikinmu, ita kaɗai ta ƙi sayarwa wancan karo. Har dariya muka yi mata. Ashe kowace shekara tana binne kwandonta ɗaya. Ta kira mu, ta ce: "Ƴaƴana, ku zo ku ɗiba, amma kowa ta mayar mini da ninki." Da tsohuwar zuma ake magani.

A garkarta muka sake koyon abin da muka yi sakaci da shi. Ana zaɓen kai matsakaici, mai siririn wuya, ɓawo a bushe, launi ɗaya, wanda bai rabu biyu ba kuma bai ruɓe ba. A yanke samansa kaɗan kafin a binne. Fangalin iri ya yi nesa da na wata albasa, kamar fara ƴar Sumarana, don zuma na kai garin fure daga nan zuwa can, iri ya gauraye. In fure ya soma buɗewa baƙi ya bayyana, a yanko, a shanya, a murje, a sheƙe. Sai a zuba a gwangwani busasshe mai murfi, a ajiye inda babu zafi.

Yanzu mun sa doka, magatakarda ta rubuta a littafi: uwar iri dukiyar ƙungiya ce, daidai da kuɗin akwati. Wadda matsi ya kama ta zo ta faɗa, mu ƙara mata wa'adi, amma ba a taɓa kwandon nan. Bana mun biya Gwaggo ninkinta, fangalinmu ya yi fari fat da fure.

Ku ma ku duba: wane iri ne na gado a garinku, kuma wa ke riƙe da shi? Ku je ku gaishe ta tun kafin lokacin dashe.