Kunaman Ruwa

A unguwar Gamkalle da ke bakin kogin Isa a Yamai, wani ɗalibi ya kai wa kakansa, tsohon basarke, labarin kifin da ya kama ba tare da ya jiƙa ƙafa ba. Cikin kwamfuta ya kama shi, a wasan Dwarf Fortress, wanda wasu ƴan uwa biyu Amurkawa, Tarn da Zach Adams, suka fitar a 2006. A wasan, gajerun mutane na almara sukan fita su, a gyara abin da suka kamo, a adana domin cimaka. Cikin kifayen har da wani mai faɗi kamar faifai, bayansa duk ƙaya, wanda Faransawa ke kira raie bouclée. Mazauninsa na gaske shi ne tekun Atilantika da Bahar Rum.

Yaron ya nemo hotonsa a waya. Tsoho ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce: "Abokina, ai wannan ɗan uwan kunaman ruwa ne. Ina saurayi na san shi a Binuwai."

Yaron bai taɓa jin sunan ba, alhali masana sun san kifin. A 1962 Stauch da Blanc suka bayyana shi daga kogin Binuwai, aka ba shi sunan kimiyya daga garin Garwa ta Kamaru. Faɗinsa kamar santimita 40 ne, a wutsiyarsa kuwa akwai ƙari mai dafi, abin da ya jawo masa laƙabin kunama ke nan. Yawan kamu da lalacewar mazauni sun sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa.

"Kaka, ko a wasan ma, in aka matsa wa ruwa, kifi ƙarewa yake yi," in ji yaron. "Sai mutum ya buɗe sabuwar duniya."

Tsoho ya ba shi labarin 1985, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai, har mutane suka riƙa ƙetare shi da ƙafa. Ya ce: "Mu dai wannan ɗin ce kaɗai aka ba mu."

Daren nan yaron bai koma ga wasan ba. Ya ɗauko littafin makaranta, kakan na faɗa yana rubutawa: giwan ruwa, ragon ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa. A saman shafin ya sa kunaman ruwa, kifin da ya saura a bakin tsoho ɗaya a gidansu.