Lauya a Baƙunta: Tsakanin Taimako da Kayan Aro

Mu da muka yi karatun lauya, kuma muka kamu da son rubuce-rubuce, mun saba jin cewa likita ya ɗauki jakarsa ya tafi aikin sa-kai wata ƙasa, ko malamin makaranta, ko injiniya. Wannan bai taɓa ba mu mamaki ba, domin zazzaɓi iri ɗaya ne a ko'ina, lissafi ma haka. Amma idan aka ce lauya ya tafi wata ƙasa don ya taimaka a gyara mata dokokinta, to sai mu ɗan dakata, saboda doka tana da gari, tana da harshe, tana kuma da tarihi. Abin da muke so mu tattauna da mai karatu shi ne, me baƙon lauya zai iya yi wa ƙasar da ta fito daga mulkin kama-karya ko yaƙi, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Wannan harka ta bunƙasa ne bayan rushewar katangar Balin a 1989 da wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Ƙasashen Gabashin Turai sun wayi gari suna son mulkin dimokuraɗiyya da kasuwanci na 'yanci, alhali dokokinsu da kotunansu duk an gina su ne don hidimar jam'iyya ɗaya. A zamanin gurguzu har suna aka laƙa wa abin da ke faruwa, wato "shari'ar tarho": wani babba a jam'iyya ya bugo wa alƙali waya, ya gaya masa hukuncin da zai yanke. A 1990 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta kafa wani shiri da ake kira CEELI a taƙaice, bisa ƙoƙarin Homer Moyer da Talbot D'Alemberte, kuma Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta Kotun Ƙolin Amurka tana cikin hukumar da ke kula da shi.

Tsarin shirin ba shi da wuyar ganewa. Lauya zai ajiye aikinsa, ya tafi ya zauna a wata ƙasa kimanin shekara guda, ba albashi, sai kuɗin mota da na masauki da ɗan abin sa wa a baka. Wasu kuma suna gida ake aiko musu da daftarin doka, su karanta su rubuta shawara. Bulgeriya da Romaniya sun yi sabon tsarin mulki a 1991, Albaniya ta yi nata a 1998, kuma irin waɗannan daftarori ne 'yan sa-kai suka riƙa dubawa. Haka nan sun taimaka wajen kafa ƙungiyoyin alƙalai da na lauyoyi, da cibiyoyin horar da alƙalai, da ɗakunan da ɗaliban lauya ke ba talakawa shawara kyauta. Da Rasha ta maido da shari'ar masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a wasu yankunanta a 1993, sai da aka koya wa lauyoyi yadda ake tsayawa gaban mutanen gari a shawo kansu da hujja.

To amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Tun kafin wannan zamani an gwada irin wannan aiki a Afirka da Kudancin Amurka. Alal misali, a 1960 Habasha ta ƙaddamar da kundin dokokin zamantakewa mai sassa 3,367, wanda masanin Faransa René David ya tsara shi da Faransanci, sannan aka fassara. Kundi ne mai kyau a takarda, ya kuma soke mafi yawan dokokin gargajiya, amma mutanen karkara suka ci gaba da kai rikicin aure da gado da gona wurin dattawansu kamar ba a yi ba. A 1974 wasu malaman Amurka biyu da suka yi wannan aiki da hannunsu, David Trubek da Marc Galanter, suka rubuta wata maƙala da ta yi suna, inda suka nuna cewa an tafi ne da zaton tsarin Amurka zai tsiro duk inda aka shuka shi. Gabashin Turai ma bai tsira ba. A 2012 Hangari ta rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, abin da ya kawar da alƙalai masu yawa a lokaci guda, daga 2015 kuma Folan ta shiga rikici kan kotun tsarin mulkinta. Ke nan rubuta doka mai kyau aikin watanni ne, amma samun masu mulkin da za su yarda doka ta hau kansu aikin shekaru ne, kuma ba baƙo ke yinsa ba.

Ruwanda ta nuna mana inda baƙon lauya ya fi amfani. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994, an kashe alƙalai da lauyoyi, wasu sun gudu, ga kurkuku cike da mutum fiye da 100,000 masu jiran shari'a. Ƙungiyar Lauyoyi Marasa Iyaka, wadda aka kafa a Beljiyam a 1992, ta riƙa tura lauyoyi daga Turai da Afirka suna tsaya wa waɗanda ake tuhuma da waɗanda aka zalunta. Wannan taimako ne na gaske, domin mutum yana fuskantar hukuncin kisa ba mai kare shi. Duk da haka, abin da ya rage tulin shari'o'in shi ne kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda suka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, ko da yake an soke su da cewa wanda ake tuhuma ba ya da lauya a gabansu. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kanmu mun ɗanɗana wannan abu ta fuska biyu. A 1958, ana shirin samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Ingila, aka haɗa su da 'yan gida irin su Shettima Kashim. Daga shawararsu aka sami dokar Final Kot da ta fara aiki a 1960, wadda aka aro daga Sudan, ita kuma Sudan ta aro daga Indiya. A ganinmu, abin da ya sa ta kama ƙasa shi ne 'yan gida ne suka nema, suka zauna a teburin, sannan aka riƙa kai alƙalai Kongo a Zariya ana koya musu ita.

Ta ɗaya fuskar kuma, mun ba da aron namu. Udo Udoma ya yi Alƙalin Alƙalan Yuganda daga 1963 zuwa 1969, Akinola Aguda ya riƙe na Botswana a 1972, a 1987 kuma Nijeriya ta kafa shirin tura ƙwararru aikin taimako zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik. Amma Gambiya ta koya mana wani darasi. Da Yahya Jammeh ya faɗi zaɓen Disamba 2016 ya ƙi sauka, jam'iyyarsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, sai kotun ta kasa zama a Janairun 2017 domin alƙalan da take dogaro da su daga Nijeriya da Saliyo ba sa nan. Ƙasar da kotunta ke jiran baƙo kafin ta zauna, ba a gama gina ta ba.

A 2007 aka haɗe CEELI da sauran shirye-shiryen ƙungiyar na wasu nahiyoyi a inuwa ɗaya. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare, ta rufe hukumar USAID, wadda ita ce ta riƙa ɗaukar nauyin ayyuka irin waɗannan da dama. Wannan ya sa muke ganin nauyin zai ƙara komawa kan ƙungiyoyin lauyoyi na ƙasashe maƙwabta, ciki har da namu.

Saboda haka, ga ƙannenmu masu sha'awar irin wannan tafiya, ba za mu ce kada su je ba, tafiya mabuɗin ilmi ce. Sai dai su tabbata gayyatarsu aka yi. Su koyi harshen wurin ko da na gaisuwa da ciniki ne, su zauna a ƙananan kotuna su ga yadda talaka ke neman haƙƙinsa kafin su buɗe baki a kan daftarin doka. Su kuma auna aikinsu da yawan 'yan ƙasar da suka horar, waɗanda za su riƙe kotun bayan baƙo ya ɗaure kayansa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma da shi ake gyara shi.