Ashe ba bakina ba ne!

Mako uku ina fama. Da na ɗora kalarinet a baki na gangara sautukan ƙasa, sai ƙiiii! Tsuwa kamar an take wutsiyar ɓera. Maƙwabciyata har yaro ta aiko ya ji ko lafiya. Na zargi leɓena, na zargi haƙorana, na canza ɗan harshen karan nan da ake ɗaurewa a bakin abin busar har sau huɗu, daga Vandoren mai lamba 3 na dawo 2½. A banza.

Sai jiya da la'asar na kai wa wani dattijo da ya yi shekaru yana busa a badujalar 'yan sanda. Ko busawa bai yi ba! Ya zare gaɓar sama ya miƙo mini.

"Ɗana, rufe ramukan da yatsun hagu, toshe ƙasan da tafin dama, ka tsotsa."

Na tsotsa. Ya ce in lafiya lau take, za ta kama leɓena gam, sai na fizge. Tawa kuwa ina! Iska sai shigowa take sulululu, kamar tayar da ke jiran mai faci.

"Baba, ta ina?"

Ya yanko siririyar takardar naɗa taba, yana cusawa ƙarƙashin kowane maɓalli, ya rufe, ya ja. Ko'ina takardar na turjewa. Da ya zo kan wani ɗan maɓalli na gefe, can sama, sai ta zare salin alin. Fatar da ke rufe ramin ta tsage, tsagar da ba ta kai silin gashi ba. Aikin hunturu ne, in ji shi: yana busar da fatar, ya lanƙwasa harshen karan, ita kanta baƙar itaciyar jikin kalarinet da ake kawowa daga Tanzaniya da Mozambik sai ta motse.

Abin da ya hana ni barci shi ne bayaninsa. A bayan kalarinet, wurin babban yatsa, akwai maɓallin da ke buɗe wani ɗan mitsitsin rami. Ka taɓa shi, sauti ya yi tsalle hawa goma sha biyu, E na ƙasa ya koma B. To duk wata kafa da ke yoyo a sama, ko yatsan da bai zauna daidai kan raminsa ba, wannan aikin take yi ba da izininka ba. Ashe tsuwar nan sauti ne na gaske, na can ƙololuwa, wanda ban kira ba ya amsa! Ni kuwa ina ta ƙara cije baki, ina ƙara tunzura ta.

Ya ɗumama maɓallin, ya ɓamɓare tsohuwar fatar, ya manna sabuwa. Na ja numfashi na busa E na ƙasa. Ya fito da kauri, har a yatsuna nake jin rawarsa. Ban sauke ba sai da aka kira magariba.